Clair Patterson, masanin da ya tona asirin gubar dalma

An haifi Clair Patterson ranar 2 ga watan Yunin 1922 a jihar Iowa ta Amurka, ya kuma yi digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a Jami'ar Chicago.

Ya yi suna ne a 1956, lokacin da ya ƙiyasta shekarun duniya da biliyan 4.55. Ya yi hakan ne ta auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, da na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu.

Sai dai dalmar da ke cikin iska da ƙura ta yi ta gurɓata masa awon, lamarin da ya sa ya bi sawunta har ruwan teku da lakar ƙarƙashinsa da ƙanƙarar Greenland. Ya gano cewa akasarinta daga masana'antu da fetur mai haɗe da dalma take fitowa.

Wannan binciken ya janyo masa asarar tallafin kamfanonin mai, kuma a 1971 aka ƙi sa shi cikin kwamitin masana da ya duba batun.

Ya mutu ranar 5 ga watan Disambar 1995, makonni kaɗan kafin Amurka ta haramta wa motoci irin wannan fetur.

Gubar da ya yi gargaɗi a kanta ce ta hallaka yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, inda awon ƙasa ya tabbatar da cewa daga daka duwatsun zinari a cikin gidaje ta samo asali.