Barau Dikko

Russel Aliyu Barau Dikko (1912 – 1977) likita ne ɗan Najeriya, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani. An fi saninsa da aikin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Jihar Arewa, da kuma kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Zariya a shekarar 1912. Ya taso a hannun 'yan mishan na CMS ƙarƙashin Dokta Walter Miller, inda ya fara karatu. Daga nan ya wuce King's College da ke Legas, sannan ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya karanci aikin likita.

Aikin lafiya

Ya shiga aikin gwamnati a 1940 a matsayin ƙaramin likita, ya zama babban likita a 1953. A 1957 aka ba shi babban muƙami a sashen cututtukan da suka zauna a ƙasa na Ma'aikatar Lafiya ta Arewa, daga baya ya zama babban sakataren ma'aikatar.

A wancan zamani agana da ƙyanda da sanƙarau su ne ke ɗauke yara da yawa, musamman da rani da bazara. Likitoci kaɗan ne, saboda haka sanin inda cuta ta ɓulla ya dogara ne da sarakuna da ma'aikatan En'e. Mai unguwa kan sanar da dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Duba-gari da malaman ɗakin shan magani a garuruwa irin su Zuru da Argungu kan rubuta yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, a aika wa likitan lardi, shi kuma ya tura Kaduna. Da waɗannan rahotanni ake sanin inda za a tura masu lamba, da inda za a keɓe marasa lafiya. Idan rahoto ya makara, sai annoba ta ci ƙauye kafin taimako ya iso.

Dikko ya ga bayan agana da ransa. An fara gagarumin rigakafin agana da ƙyanda a Afirka ta Yamma a 1967, kuma tun daga 1970 ba a sake samun agana a Najeriya ba.

Siyasa

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma shi ne shugabanta na farko. Da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, sai ya sauka domin shi ma'aikacin gwamnati ne. A mulkin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan tarayya na ma'adinai da wutar lantarki daga 1967, sannan na sufuri daga 1971.

Rasuwa

Ya rasu a 1977. An sa sunansa ga Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna.