John Browning: Maƙerin da bai ga bindigarsa ta ƙarshe ba

Ƙaramar bindigar nan mai suna Browning Hi-Power, wadda sojojin ƙasashe fiye da 50 suka yi amfani da ita, kuma masana'antar kayan yaƙi ta Nijeriya, wato DICON da ke Kaduna, ta ƙera bisa lasisi, tana ɗauke ne da sunan mutumin da ya rasu shekaru tara kafin a kammala ta.

An haifi John Moses Browning ranar 23 ga watan Janairun 1855 a garin Ogden na yankin Utah a Amurka. Mahaifinsa maƙerin bindigogi ne, kuma a maƙerarsa ya koyi sana'ar. A 1879 ya sami takardarsa ta farko ta mallakar fasaha a kan wata doguwar bindiga, wadda daga baya kamfanin Winchester ya saya.

Sun raba gari da Winchester a 1902, bayan da ya nemi a riƙa ba shi kaso a kan kowace bindiga da aka sayar, maimakon biya sau ɗaya. Hakan ya ƙarfafa hulɗarsa da kamfanin FN na garin Herstal a Beljiyam.

Darasin yaƙin Moro

A yaƙin da Amurka ta yi da Musulmin Moro a kudancin Filifin, sojojinta sun koka cewa harsashin libarbarsu ba ya tsayar da mayaƙan da suka tunkaro su. Don haka rundunar ta nemi bindiga mai harsashi mafi kauri.

Browning ya ƙera wa kamfanin Colt wadda ƙarfin harbin ne ke fitar da kwanso, ya kuma ɗora sabon harsashi. A gwaji ta harba harsasai 6,000 ba tare da ta cije ba. An amince da ita a watan Maris na 1911 da sunan M1911, ta kuma ci gaba da zama bindigar sojan Amurka har 1985.

Sai dai wata ƙirar tasa, FN 1910, ita ce Gavrilo Princip ya harbe yarima Franz Ferdinand na Ostiriya da ita a Sarayebo a 1914, kisan da ya haddasa yaƙin duniya na ɗaya.

Aikin da ya bari

Bayan yaƙin, Faransa ta nemi ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsasai da yawa, FN kuma ya ɗora wa Browning aikin. Matsalar ita ce ya riga ya sayar wa Colt haƙƙin fasahar M1911, ke nan doka ta hana shi amfani da dabarar da shi kansa ya ƙirƙiro, dole ya nemi wata hanya.

Yana cikin wannan aiki ciwon zuciya ya yi ajalinsa a masana'antar FN, ranar 26 ga watan Nuwamban 1926, yana da shekaru 71.

Mataimakinsa ɗan Beljiyam, Dieudonné Saive, wanda ya tsara gidan harsashi mai layi biyu, shi ya ci gaba. Da wa'adin haƙƙin Colt ya ƙare a 1928, sai ya dawo da wasu dabarun M1911. A 1935 bindigar ta fito tana ɗaukar harsasai 13, yayin da M1911 ke ɗaukar bakwai. Faransa ba ta karɓe ta ba, amma Beljiyam ta karɓa.

A yaƙin duniya na biyu ɓangarorin biyu duk sun yi amfani da ita: Jamusawa sun ƙera ta a Herstal da suka mamaye, ƙawancen Birtaniya kuma a Toronto ta Kanada. Sojan Birtaniya ba su fara maye gurbinta da Glock 17 ba sai a 2013.

Saive ne kuma ya ƙera bindigar FAL, wadda ita ma aka ƙera a Kaduna. Amma sunan maigidansa ne ya bi ƙaramar bindigar.