Waliyyi Paparoma Bulus na Shida: Makiyayin da Ya Fita Neman 'Yan'uwa

An haifi Giovanni Battista Montini a ƙauyen Concesio na ƙasar Italiya ranar 26 ga Satumba, 1897. An naɗa shi firist a 1920, ya yi shekaru masu yawa yana hidima a Fadar Vatikan, sa'an nan ya zama Babban Bishop na Milan a 1954. A 1962, yana Kadinal, ya kawo ziyara Nijeriya. Ranar 21 ga Yuni, 1963 aka zaɓe shi Paparoma, ya ɗauki sunan Manzo Bulus, wanda ya kai bishara ga al'ummai.

Sunan kuwa ya bi shi. A watan Janairu 1964 ya tafi ziyarar ibada Ƙasa Mai Tsarki. A Urushalima ya rungumi Athenagoras, shugaban Ikilisiyar Otodoks na Kustantiniya, bayan rabuwar da ta faro tun 1054. A Disamba 1965 su biyun suka soke hukuncin yankewa daga zumunta da magabatansu suka yanke wa juna.

Bai tsaya ga Kirista kaɗai ba. A 1964 ya kafa ofishin hulɗa da mabiya sauran addinai, wanda Kadinal Francis Arinze ya shugabanta daga baya. A 1965 ya sa hannu a takardar Majalisar Vatikan ta Biyu, Nostra Aetate, wadda ta koyar cewa Ikilisiya tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, ta kuma roƙi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba.

A 1969 ya sauka Uganda, Paparoma na farko da ya ziyarci Afirka yana bisa kujerar Bitrus. Ya girmama Shahidan Uganda, ya yi addu'a a wurin tunawa da shahidan Anglikan, ya kuma tuna a gaban shugabannin Musulmi da nasu mutanen da aka kashe saboda imaninsu. A Kampala ɗin ya gana da wakilan ɓangarorin biyu na yaƙin basasar Nijeriya. Sulhu bai samu ba a lokacin, amma bai ga neman sa a matsayin aikin banza ba. A Manila, a 1970, wani ya kai masa suka da wuƙa. Ya ci gaba da tafiyarsa.

Ya rasu ranar 6 ga Agusta, 1978. Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai a 2018, ana bikinsa ranar 29 ga Mayu.

'Yan'uwa ƙaunatattu, zumunta a ƙafa take. Wannan bawan Allah bai rage kome daga bangaskiyarsa ba, bai kuma jira a zo masa ba. Mu da muke kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi, wa zai fara taka ƙofar wani bayan rikici? Waliyyi Bulus na Shida, ka yi addu'a dominmu.