Waliyyi Daniyel Komboni, Ɗa Tilo Da Iyayensa Suka Ba Afirka

Idan ana ba da labarin 'yan mishan da suka bar ƙasashensu suka zo Afirka da bishara, yawanci akan faɗi hamadar da suka ƙetare da zazzaɓin da ya kashe su da majami'un da suka gina. Da wuya a ji an ambaci tsofaffin da suka bari a gida suna jiran wasiƙa. Yau za mu duba rayuwar Waliyyi Daniyel Komboni, Bishop na farko na Afirka ta Tsakiya, wanda ya yi aiki a Sudan har ya mutu a can, za mu kuma duba ta tare da ta mahaifinsa da mahaifiyarsa, domin su ma sun biya nasu rabon na wannan kira.

An haifi Daniyel ran 15 ga Maris, 1831, a wani ƙaramin gari mai suna Limone, a bakin tafkin Garda da ke arewacin Italiya. Sunan mahaifinsa Luwiji, mahaifiyarsa kuwa Domenika. Talakawa ne, aikin lambu suke yi wa wani mai arziki a gonarsa ta lemun tsami. Allah ya ba su haihuwa har takwas, Daniyel ne na huɗu, amma mutuwa ta yi ta ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana shi kaɗai ya rage. Duk macen da ta taɓa binne ɗa ta san irin idon da Domenika take duban wannan yaro da shi.

Iyayen ba su da kuɗin makaranta. Saboda haka a 1843, yana da kusan shekara 12, aka kai shi birnin Berona, makarantar da wani firist mai suna Fada Nikola Mazza ya buɗe domin 'ya'yan talakawa masu ƙwazo. A can ya karanta labarin Kiristocin Japan da aka kashe saboda bangaskiyarsu, ya kuma saurari wani ɗan mishan, Fada Anjelo Binko, wanda ya dawo daga bakin Kogin Nilu yana ba ɗalibai labarin abin da ya gani. Ran 6 ga Janairu, 1849, Daniyel ya durƙusa gaban Fada Mazza ya yi alkawarin ba da dukan ransa ga aikin bishara a Afirka. Ya koyi harsuna, har da Larabci, ya kuma koyi aikin magani, wanda ya yi amfani da shi wajen jinyar mutane sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa wani ƙauye kusa da Berona. An naɗa shi firist ran 31 ga Disamba, 1854.

A 1857 Fada Mazza ya shirya tura mutanensa Sudan, Komboni yana cikin waɗanda aka zaɓa. Abin da ya daɗe yana roƙo ya samu, amma sai zuciyarsa ta rabu biyu. Ya rubuta wa firist ɗin garinsu ya bayyana masa abubuwa biyu da suka tsaya masa a rai. Na fari, yaya zai tafi ya bar tsofaffi biyu waɗanda ba su da wani abin ta'aziyya a duniya sai shi. Na biyu, akwai bashi a kan gidansu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma shi ya ƙudura cewa ba zai sa ƙafa a jirgi ba sai an biya shi, an kuma shirya abin da iyayen za su riƙa ci a bayansa. Ya keɓe kansa kwanaki yana addu'a, ya kai maganar gaban wani tsohon firist mai hikima, Fada Marani, wanda ya san shi tun da daɗewa. Tsohon ya tabbatar masa cewa kiran nan daga Allah yake. Aka daidaita maganar bashin, sa'an nan ya je Limone yin ban kwana. Mahaifiyarsa ta sa masa albarka ta sallame shi. Ba su sake ganin juna ba a duniyan nan.

Ran 10 ga Satumba, 1857, suka tashi daga tashar jiragen ruwa ta Tiriyeste, su shida, firistoci biyar da wani ma'aikaci ɗaya. Komboni ne ƙaraminsu, yana da shekara 26. Da suka isa Masar, ya sami zarafin ziyartar Urushalima da Baitalami, ya rubuta wa iyayensa doguwar wasiƙa yana kwatanta musu wuraren ɗaya ɗaya, kamar mai son su gani da idonsa, yana kuma gaya musu inda ya yi musu addu'a. Daga nan suka bi Kogin Nilu, suka ƙetare hamadar Nubiya a kan raƙuma, suka shiga Kartum ran 8 ga Janairu, 1858. Suka sake shiga jirgin ruwa suka yi kudu fiye da mako uku, har suka kai tashar mishan da ake kira Gicciye Mai Tsarki, a ƙasar Dinka, ran 14 ga Fabrairu.

Ba su yi wata biyu ba zazzaɓi ya kashe ɗayansu, Fada Oliboni. Yana bakin mutuwa ya roƙi 'yan'uwansa kada su janye daga aikin, ko da mutum ɗaya ne ya rage a cikinsu. Komboni ya riƙe wannan magana har ƙarshen ransa. A watan Yuli na shekarar nan Domenika ta rasu a Limone, amma saboda nisan hanya labarin bai iso wa ɗanta ba sai a Nuwamba. Watau ya yi wata huɗu yana yi wa mahaifiyarsa addu'ar lafiya alhali tana kabari. Da wasiƙar ta zo, bai ɓoye baƙin cikinsa ba. Ya zauna ya rubuta wa mahaifinsa ta'aziyya, yana ƙarfafa tsohon da ya rasa 'ya'ya bakwai da mata, ɗayan da ya rage kuma yana wata duniya. Kafin tsakiyar 1859 uku daga cikin shidan sun mutu, shi kansa zazzaɓi ya kusa gamawa da shi, dole aka mayar da shi Italiya.

Mai hankalin duniya zai ce to, ai ya gwada, sai ya zauna ya riƙe mahaifinsa. Ba wanda zai zarge shi. Amma mutuwar abokansa ta sa shi tunani a kan yadda ake aikin. Turawa suna zuwa suna mutuwa cikin 'yan watanni, yaran Afirka da ake kaiwa Turai karatu kuma sanyi yana kashe da yawansu. Ran 15 ga Satumba, 1864, yana addu'a a kabarin Waliyyi Bitrus a Roma, sai shawara ta zo masa, ya zauna ya rubuta ta, ya miƙa wa Paparoma Piyus na 9. Gindin shawarar shi ne a ceci Afirka ta hannun 'yan Afirka. A kafa makarantu a wuraren da Bature da baƙin mutum duka za su iya rayuwa, a horar da samari da 'yan mata su zama firistoci, katikis, malaman makaranta, masu sana'a da masu jinya, su koma cikin mutanensu. A zamanin da ake sayar da baƙin mutum a kasuwa, wasu masana a Turai kuma suna shakkar hankalinsa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ya zaga ƙasashen Turai yana roƙon kuɗi da ma'aikata. A 1867 ya kafa ƙungiyar 'yan mishan maza a Berona, ya buɗe makarantu a Alƙahira. A 1870 ya kai kukan Afirka gaban babban taron bishop-bishop na Batikan, bishop 70 suka sa hannu a takardarsa. A 1872 ya kafa ƙungiyar Sistoci, domin ya gane cewa ba a shiga gida sai ta hannun mata. Ya buɗe mishan a El-Obeid ta ƙasar Kordofan, garin da alhazanmu masu tafiya Makka a ƙasa suka sani, da kuma Dilling a duwatsun Nuba. El-Obeid babbar kasuwar bayi ce a lokacin. Ya yi faɗa da wannan ciniki, ya fanshi waɗanda ya iya, ya ɓoye waɗanda suka gudo. Daga cikin waɗannan akwai wani yaro Badinke da ya tsere wa ubangidansa ya faɗa gidan mishan, aka yi masa baftisma da sunan Daniyel Sorur, daga baya ya zama firist. Akwai kuma Fortunata Kwashe, baiwar da aka fansa, wadda ta zama malama, daga baya ta zama Sista.

Mutumin da ya san zafin rabuwa da iyaye ya fi kowa gane abin da bauta take yi wa iyali. Yaran da yake karɓa an fizge su ne daga hannun iyayensu mata, yawancinsu ba su san hanyar gida ba. Shi ya sa ya kafa ƙauyen noma a Malbes, kusa da El-Obeid, inda waɗanda aka fansa za su yi aure, su sami gona, su goyi 'ya'yansu a gida na Kirista. Wanda ya sa ya kula da ƙauyen shi ne Fada Antoniyo Dobale, wanda Komboni ya ɗauko tun yana yaro daga Aden bayan an ƙwato shi daga hannun masu fataucin bayi.

An naɗa Komboni Bishop a watan Agusta, 1877. Da ya koma Sudan ya tarar da fari da yunwa, annoba kuma ta biyo baya ta kashe ma'aikatansa da yawa. Bashi ya hau kan mishan saboda ciyar da mayunwata. Duk da wannan bai daina rubuta wa mahaifinsa ba, in kuma neman taimako ya kai shi Italiya yakan je ya gaishe shi. Hausawa suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wannan bai faru tsakanin Luwiji da ɗansa ba.

Gwaji mafi ɗaci ya zo a shekararsa ta ƙarshe. Waɗansu suka yi masa ƙazafi game da wata Sista da ya tsaya wa sa'ad da ake wulakanta ta, har wani ya kai tsegumin kunnen mahaifinsa, tsoho mai kusan shekara 80. Tsohon ya shiga damuwa ƙwarai. A wasiƙun Komboni na lokacin an ga cewa ya yarda a zarge shi, a kai ƙararsa har gaban Paparoma, amma abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a tayar da hankalin mutumin da ya haife shi ya kuma koya masa tsoron Allah. Binciken da Ikilisiya ta yi daga baya ya wanke shi sarai. Masu kai gulma a cikinmu su lura, maganar da aka jefa wa ma'aikacin Allah takan sauka a kan tsofaffinsa.

A tsakiyar 1881 ya zaga duwatsun Nuba. A hanyar dawowa daga El-Obeid ruwan sama mai ƙarfi ya duke shi dare guda, ya iso Kartum da zazzaɓi. Cikin 'yan makonni ya ji mutuwar Fada Dobale, ya binne waɗansu abokan aikinsa. Ya rasu ran 10 ga Oktoba, 1881, yana da shekara 50, bayan ya tabbatar wa na kusa da shi cewa aikin ba zai mutu tare da shi ba. Luwiji yana da rai aka kawo masa labari. Haka wannan bawan Allah ya ga bayan 'ya'yansa duka takwas.

Ba da daɗewa ba yaƙin Mahadi ya share mishan ɗin, El-Obeid ta faɗi a 1883, Kartum a 1885, aka kama waɗansu firistoci da Sistoci, kabarinsa ma bai tsira ba. Amma bayan yaƙin 'ya'yan ƙungiyarsa suka komo, suka bazu zuwa Yuganda, Habasha, Kenya, Cadi da ƙasashe da dama. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya sa shi cikin masu albarka ran 17 ga Maris, 1996, ya kuma ayyana shi waliyyi ran 5 ga Oktoba, 2003. Al'ajibin da Ikilisiya ta karɓa kafin wannan shi ne warkewar wata mata Musulma a Kartum, wadda ta kai bakin mutuwa wajen haihuwa, Sistoci suka roƙa mata Allah ta wurin addu'ar Komboni. Ana tunawa da shi kowace shekara ran 10 ga Oktoba.

A Matiyu 10:37 Ubangiji ya gargaɗe mu kada ƙaunar uwa da uba ta fi ƙaunarsa, a Markus 7:9-13 kuma ya tsauta wa masu fakewa da hidimar Allah su ƙi taimakon iyayensu. Komboni ya riƙe duka biyun. Saboda haka, ya ku iyaye, idan ɗanku ko 'yarku ta zo da maganar shiga seminari ko gidan Sistoci ko aikin bishara a wani wuri mai nisa, ku tuna da Domenika, wadda ɗaya gare ta, ta kuma sa masa albarka. Ku kuma ma'aikata, firist ne ko fasto ko katikis, ku shirya wa tsofaffinku kafin ku tafi, ku riƙa aika musu da gaisuwa da abin hannu. Mu sauran jama'a, in akwai gidan da ya ba da ɗa ga aikin Allah a Ikilisiyarmu, mu riƙa leƙa su, mu taya su noma, mu kai su asibiti in ba su da lafiya. Allah ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.