Taƙaitaccen Tarihin Alan Turing, Wanda Ya Ƙera Na'ura A Zuci Tun Ba A Ƙera Ta Da Ƙarfe Ba

An haifi Alan Turing a birnin Landan ran 23 ga watan Yuni, 1912. Ya yi karatun lissafi a Jami'ar Kambirij, sa'an nan ya ƙetara Jami'ar Firinston ta Amurka, inda ya sami digirin dakta a 1938.

Tun a 1928 wani shaihin malami Bajamushe, David Hilbert, ya aza wa masana tambaya, wato ko akwai tsayayyar hanya guda wadda in an bi ta daki-daki za ta bambance maganar lissafi mai tabbatuwa da wadda ba ta tabbatuwa. Da Turing ya tashi amsawa a 1936, sai ya ƙiyasta mutum zaune yana lissafi da alƙalami, ya dinga zubar da duk abin da ba tilas ba, har ya rage saura abu uku: dogon zirin takarda mai gida-gida, da ɗan kai mai karanta alama guda ya goge ta ko ya rubuta wata, da jerin ƙa'idojin da kan zai bi. Da wannan na'ura ta zuci ya nuna cewa hanyar da Hilbert yake nema babu ita. Ya kuma nuna cewa na'ura ɗaya tak tana iya aikin sauran duka, muddin an rubuta mata ƙa'idojinsu. Wannan shi ne tushen kwamfuta da manhajarta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin warware saƙonnin asiri na sojan Jamus a Bletchley Park. Bayan yaƙi ya tsara fasalin kwamfutar ACE, kana ya koma Jami'ar Mancesta a 1948.

A 1949 ya gabatar da gajeriyar maƙala a Kambirij kan yadda za a tabbatar da ingancin doguwar manhaja. Shawararsa ita ce a zana taswirar aikin, a yanka shi gaɓa-gaɓa, a rubuta abin da ya wajaba ya kasance gaskiya a kowace gaɓa, yadda mai dubawa zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya ruɗe ba.

Turing ya rasu ran 7 ga watan Yuni, 1954, yana da shekara 41. Gadon da ya bar wa marubuta manhaja shi ne, matsalar da ta gagari kai a rage mata kaya, a siffanta ta a takarda kafin a taɓa na'ura. Hausawa dai sun ce tun ran gini, tun ran zane.