Marigayi Dokta Leo Kanner, Likitan Yaran Da Ba Su Amsa Kira

A CIKIN 'yan shekarun nan rahotanni sun yi ta zuwa daga ƙasashen waje cewa yawan yaran da likitoci ke samu da lalurar otizim, wadda gidajen rediyo kan kira galahanga, sai ƙaruwa yake yi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 yaro ɗaya ne cikin 150 ke da ita, amma a lissafinta na 2022 abin ya kai ɗaya cikin 31. Wanda duk ya ji haka zai zaci wata annoba ce ta ɓarke. Kafin a yanke wannan hukunci ya kamata a san mutumin da ya shata wa lalurar iyaka tun farko, watau Dokta Leo Kanner, domin babban ɓangare na amsar yana cikin tarihinsa.

An haifi Leo Kanner ran 13 ga watan Yuni, 1894, a wani ƙauye da ake kira Klekotow cikin daular Ostiriya da Hangare, wanda yanzu yake cikin ƙasar Yukren. Iyayensa Yahudawa ne. A 1906 aka aika da shi Balin wurin wani ɗan'uwan iyayensa don ya yi karatu. Da fari waƙa ce ta ɗauke masa hankali, amma daga baya ya shiga koyon aikin likita a Jami'ar Balin a 1913. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, ya yi aiki a sashen kiwon lafiya na rundunar Ostiriya, sa'an nan ya komo ya ƙarasa. Aikinsa na fari a kan ciwon zuciya ne a babban asibitin Charite na Balin, ba abin da ya haɗa shi da yara ko da taɓin hankali.

Tsadar rayuwa ce ta kore shi daga Jamus, sa'ad da kuɗin ƙasar suka zama kamar takardar banza. A 1924 ya kwashi iyalinsa ya tafi Amurka, ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da ke Yankton, cikin jihar Dakota ta Kudu. A nan ya goge Turancinsa da wasan cike gurbin kalmomi na jaridu, har ya wallafa wani littafi a kan camfe-camfen da al'ummomi dabam-dabam ke yi game da haƙora. A 1928 ya sami shiga Jami'ar Johns Hopkins a birnin Baltimo, ƙarƙashin Dokta Adolf Meyer, wanda shi ne uban likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a wancan zamani. Bayan shekara biyu aka ɗora masa nauyin buɗe sashen duba lafiyar ƙwaƙwalwar yara a asibitin yara na jami'ar. A 1935 ya fito da littafin koyarwa a kan wannan fanni, shi ne kuwa irinsa na farko cikin harshen Ingilishi.

Tun kafin maganar otizim ta taso Kanner ya riga ya nuna inda zuciyarsa take. A jihar Maryland akwai wata makaranta ta gwamnati da ake kira Rosewood, inda ake ajiye masu raunin hankali. Wasu lauyoyi suka gano hanyar fitar da su da takardar kotu, suna miƙa su ga gidajen masu hannu da shuni a matsayin barori marasa lada. Mutum 166 aka fitar ta haka, galibinsu 'yan mata. Kanner ya bi sawun 102 daga cikinsu, ya tarar da yawa an kore su bayan an gaji da su, wasu sun faɗa karuwanci, wasu suna gidan kaso, wasu sun mutu da ƙuruciya. Ya tona asirin abin a taron likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1937. Haka kuma a 1942, sa'ad da wani babban likita ya fito a mujallarsu yana kira da a riƙa kashe yaran da ba a sa ran warkewarsu, Kanner ne ya mayar masa da martani. Sai dai gaskiya ba ta ɓuya: shi ma bai ƙi a hana wasu masu raunin hankali haihuwa ba, kamar yadda likitoci da yawa na zamaninsa suka yarda. A waɗannan shekaru ne kuma ya taimaki likitoci masu yawa da suka gudo daga mulkin Hitila suka sami mafaka da aiki a Amurka, alhali mahaifiyarsa da wasu 'yan'uwansa da suka saura a Turai ba su tsira ba.

A watan Oktoba na 1938 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara biyar mai suna Donald Triplett daga garin Forest a jihar Misisipi. Kafin su zo, mahaifin yaron, wanda lauya ne, ya aiko da wasiƙa mai shafi 33 yana bayyana halin ɗansa dalla-dalla. Yaron yana da hadda mai ban mamaki, tun yana ƙarami yake rera karin waƙa daidai, amma ba ya kula da mutane. In an kira shi ba ya waiwayowa. Yakan shafe sa'o'i yana juya murfin tukunya ko wani abin wasa, in kuwa aka sauya masa tsarin da ya saba, sai ya tayar da hankali. In zai faɗi bukatarsa sai ya maimaita maganar da ya ji daga bakin uwarsa yadda take, ya kira kansa kai maimakon ni.

Kanner bai yi garaje ba. Shekara biyar ya yi yana tara irin waɗannan yara, har suka kai 11, maza takwas mata uku. A 1943 ya wallafa bayaninsu, ya ce wata lalura ce dabam da ba a taɓa keɓe ta ba, mai alama biyu manya: matsanancin kaɗaici tun daga goyo, da nacewa a kan kada kome ya sauya. Kalmar otizim aro ya yi daga Dokta Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan, asalinta kuwa kalmar Girkanci ce mai ma'anar kai. Ba shi kaɗai ya ga irin yaran nan ba. Wata likita a Mosko, Grunya Sukhareva, ta bayyana su tun 1925, Hans Asperger kuma ya yi nasa bayanin a Biyana a 1944. Abin lura ma shi ne Georg Frankl, wanda ya yi aiki a asibitin su Asperger, yana cikin likitocin da Kanner ya taimaka wa suka tsere, ya kuma yi aiki tare da shi a Baltimo. Amma rubutun Kanner ne cikin Ingilishi, shi duniya ta karanta.

A nan ne ya yi kuskuren da ya daɗe yana ci wa iyaye tuwo a ƙwarya. Ko da yake ya ƙare bayaninsa da cewa da lalurar ake haifar yaran, ya kuma lura cewa iyayensu masu zurfin ilmi ne, huɗu daga cikin ubannin ma likitocin ƙwaƙwalwa ne, ya kuma ga kamar ba su da fara'a da ɗumin zuciya. Bai tsaya ya tambayi kansa wane irin uba ne ke da kuɗin jirgin ƙasa da wayewar da zai kai ɗansa Johns Hopkins a wancan zamani ba. Bai kuma yi la'akari da cewa uwar da ta shekara biyar tana kiran ɗanta bai amsa ba dole jikinta ya yi sanyi. Ya zuwa 1949 ya ƙara ƙarfafa zargin, ya kwatanta renon yaran da ajiya a cikin firji. Wani mai suna Bruno Bettelheim a Shikago ya ɗauki maganar ya yayata ta, musamman a littafinsa na 1967, aka yi ta raba yara da iyayensu mata da sunan magani. Kanner ya ja da baya daga bisani. Shi ya rubuta gabatarwar littafin Bernard Rimland na 1964 wanda ya nuna lalurar daga halittar ƙwaƙwalwa take, kana a 1969 ya tsaya gaban taron iyayen irin waɗannan yara ya wanke su daga laifi. Amma sai bayan shekara ashirin ana zubar da hawaye. A 1977 binciken da Susan Folstein da Michael Rutter suka yi a kan tagwaye a Ingila ya nuna gado na da babban hannu a ciki.

Abu na biyu da ya bari shi ne ƙunƙuntar iyaka. Kanner ya nace cewa lalurar ba ta da yawa, ya riƙa mayar da galibin yaran da ake turo masa da cewa ba ita ba ce. Da ma'auni irin nasa Victor Lotter ya ƙidaya yaran lardin Middlesex a Ingila a 1966, ya sami yara 4 zuwa 5 kacal cikin kowane 10,000. Sauran aka bar su da sunan raunin hankali, ko taɓin hankali, ko kuwa taurin kai. Sai a 1979 Dokta Lorna Wing, wadda ita kanta tana da 'ya mai lalurar, tare da Judith Gould, suka sake ƙidaya a unguwar Camberwell ta Landan, suka tarar in an haɗa da yaran da ke da wasu alamun ba duka ba, adadin ya kai kimanin 20 cikin 10,000. Daga nan aka fara ɗaukar ta lalura mai hawa-hawa, daga wanda ba ya magana ko kaɗan har zuwa wanda ke karatu a jami'a. Littafin da likitocin Amurka ke tantance cututtukan ƙwaƙwalwa da shi ya ba ta wuri nata a 1980, ya faɗaɗa a 1987 da 1994, ya haɗe rassanta wuri guda a 2013. Dokar ilmi ta Amurka ta 1990 kuma ta sa ta cikin lalurorin da makaranta za ta ba mai su taimako na musamman, saboda haka iyaye suka sami dalilin kai 'ya'yansu a duba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan yaran Denmak ya nuna cewa kashi 60 cikin 100 na ƙaruwar da aka gani can daga sauyin ma'auni da na rajista ta fito.

Ba a ce shi ke nan ba. Masana sun ga haɗarin yakan ɗan ƙaru in iyaye sun manyanta kafin haihuwa, haka nan ga bakwaini, waɗanda a yanzu da yawansu ke rayuwa. Abin da bincike ya kore shi ne allurar rigakafi. Takardar da Andrew Wakefield ya wallafa a 1998 a kan yara 12, yana ɗora laifin a kan allurar ƙyanda da hangum, an janye ta a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Ingila. Binciken 2019 a kan yara fiye da 650,000 a Denmak bai sami wata dangantaka ba. Mutanen Kano, da suka ga abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, sun san tsadar irin wannan jita-jita.

An daɗe ana zaton lalurar ta 'ya'yan Turawa ce. Lotter ɗin nan da kansa ya zagaya ƙasashe shida na Afirka, ciki har da Nijeriya, ya ba da rahoto a 1978 cewa ya same ta a nan ma. Bambancin a wajen ƙidaya yake. A unguwa irin Dukawuya ko wata cikin birni, yaron da ya shekara uku ba ya amsa sunansa akan ce kurma ne, ko miskili, ko iska ce ta shafe shi, wani lokaci a ce sakacin uwa ne ko aikin kishiya. Kalmar galahanga kanta akan jibga mata lalurori da yawa da ba su da dangantaka. Wanda ke isa gaban likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sau da yawa ɗan ma'aikaci ne ko ɗan mai hali, daidai da yaran da suka isa Baltimo a zamanin Kanner. Ran da malaman firamare da ma'aikatan asibitin shan-magani suka san alamun, adadin zai haura a nan ma, ba don an ƙara haifar yaran ba.

Kanner ya sauka daga shugabancin sashensa a 1959, amma bai bar rubutu ba. A 1971 ya zama editan farko na mujallar da aka kafa musamman don wannan fanni, a cikinta kuma ya ba da labarin inda yaransa 11 suka ƙare bayan shekara kusan talatin. Waɗanda aka jibge a gidajen gwamnati tun suna ƙanana sun dusashe, ɗan abin da suka iya ma ya ɓace. Donald kuwa, wanda iyayensa suka ɗauko daga irin wannan gida suka mayar da shi cikin mutanen garinsu, ya gama kwaleji, ya koyi tuƙin mota, yana aiki a bankin Forest.

Dokta Leo Kanner ya rasu ran 3 ga watan Afrilu, 1981, a garin Sykesville cikin jihar Maryland, yana da shekara 86. Donald Triplett ya rayu shekara 42 bayansa, ya rasu a garinsu a watan Yuni na 2023 yana da shekara 89.