Shailendra: Leburan Reluwe da Ya Zama Marubucin Waƙoƙin Fim

Tun wajen shekarun 1950 finafinan Indiya suka samu gindin zama a gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, har samari suka haddace waƙoƙinsu alhali ba sa jin harshen. To amma jarumi kaɗai mai kallo yake gani yana motsa baki. Wanda ya zauna ya tsara baitocin kuwa, da wuya a san ko da sunansa. Shailendra yana daga cikin waɗannan.

An haife shi a Rawalpindi, wadda a yau take cikin Pakistan, a 1923, aka raɗa masa suna Shankardas Kesarilal. Iyayensa mutanen Bihar ne, daga dangin da al'adar ƙasar ta ajiye a ƙasan kowa, ya kuma tashi a Mathura cikin talauci. A 1947 ya kama aiki a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta Matunga a Bombay, yana kuma halartar tarukan mawaƙa. A irin wannan taro ne Raj Kapoor ya ji shi, ya nemi sayen waƙarsa don fim, shi kuwa ya ƙi, domin a ganinsa waƙa ba hajar kasuwa ba ce. Da matarsa ta samu juna biyu, hannu ya bushe, sai ga shi da ƙafarsa ya koma wurin Raj Kapoor. Ya karɓi rufi 500, ya rubuta waƙoƙi biyu na fim ɗin Barsaat na 1949.

Daga nan suka ɗinke da Raj Kapoor da makaɗan nan Shankar da Jaikishan, suka yi Awaara a 1951 da Shree 420 a 1955, waɗanda waƙoƙinsu suka kai har Tarayyar Sobiyet. Gwanintarsa ita ce ɗora magana mai nauyi a kan kalmomin da ɗan dako ma zai fahimta, abin da masu nazarin waƙa suka san ya fi jibga manyan kalmomi wuya. Shi ya fara cin kyautar Filmfare ta marubucin waƙa da fim ɗin Yahudi na 1958, ya sake ci da Anari na 1959.

Abin da ya karya shi kuwa shi ne shirya fim da kuɗinsa. Teesri Kasam, labarin wani mai amalanken shanu da wata 'yar rawa, ya ci shekaru ana yinsa. Dillalan fim suka matsa a sauya ƙarshensa masoyan su haɗu, ya ƙi. Fim ɗin ya fito a 1966, bai yi kasuwa ba, bashi ya yi masa katutu. Ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1966, watau ranar zagayowar haihuwar Raj Kapoor, yana da shekara 43. Bayan rasuwarsa gwamnatin Indiya ta ba Teesri Kasam lambar fim mafi kyau na shekarar, aka kuma ba shi Filmfare ta uku saboda Brahmachari na 1968.